Gorar da Yaya Ya Ajiye a Taga

Yayana ba mugun mutum ba ne, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai idan na tuna abin da ya faru. Yana da kyauta da son 'yan'uwa, amma akwai hali biyu da suka zame masa ciwo. Ba ya iya jira, kuma ba ya yarda wani ya fi shi sanin wani abu. Shekara talatin da biyu ya yi yana shugabantar garejin wani kamfanin motocin haya. Makanikan da ke ƙarƙashinsa suka laƙaba masa suna Yanzu-yanzu, domin ko mota aka kawo masa injinta a warwatse aka tambaye shi yaushe za ta tashi, amsarsa ke nan. A gida kuwa, idan aka sayo fanka ko rediyo, takardar bayanin da ke cikin kwali ita yake fara jefarwa. Cewa yake an rubuta ta ne domin waɗanda kansu ba ya ja.

Da ya yi ritaya, sai ya rasa inda zai sauke ƙarfinsa. Akwai fili a gaban gidansa tsakanin ƙofar shigowa da baranda, bai fi taku goma sha biyar ba. Ya sa aka kwashe tsakuwar wurin, aka zuba taki, ya dasa ciyawar kirikiri. Safe da yamma yana ba ta ruwa, duk ƙarshen mako yana aske ta da inji. Cikin shekara guda filin ya zama kore shar, kamar an shimfiɗa darduma. Matarsa takan ce da yana kula da hawan jininsa yadda yake kula da ciyawar nan, da tuni likita ya manta fuskarsa. Ita ma tana da 'yan kwamin tattasai da tumatir a gefen katanga, amma shi bai taɓa ɗaukar su a bakin komai ba.

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, a gidansa take zaune. Ta haura tamanin, yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai dishi-dishi. Amma kanta garau yake, bakinta kuma ya fi na kowa kaifi. Kujerarta na baranda, a jikin tagar falo. A kan dakalin tagar nan ake ajiye mata gorar ruwanta da ƙwayoyin maganinta, inda hannunta na dama zai kai ba sai ta kira kowa ba. Duk wanda ke shiga gidan ya san wannan.

Da ruwan sama ya zauna, aya-aya da tsidau suka ɓullo a tsakiyar kirikirin. Yaya ya yi kwana biyu yana tuge su da hannu, bayansa ya riƙe, ya fusata. Ga shi kuma saura kwana goma ƙungiyar tsofaffin abokan aikinsa ta yi zama a gidansa, ya riga ya cika musu baki cewa a kan ciyawarsa za a jera kujeru. Ya ce ba zai bari a zo a yi masa dariya ba.

Ranar da ya je sayen maganin ciyawa ina cikin motarsa, domin ya rage mini hanya zuwa sayen zare da yadi. Ni tela ce, shagona ba shi da nisa da shagon kayan noman, don haka na bi shi ciki. Mai shagon mace ce, za ta yi shekara arba'in, an ce aikin gona ta karanta. Ta saurare shi tsaf, sannan ta ɗora gorori biyu a kan tebur. Ta ce na farkon an yi shi ne domin irin filinsa, yana kashe ciyayin da ba a so ya bar kirikiri, sai dai yana ɗaukar mako biyu zuwa uku, aya-aya kuma mai taurin kai ce, wataƙila sai an maimaita. Na biyun kuwa ba ya bambancewa, duk koren da ya taɓa ya mutu, ana amfani da shi ne wajen share gona kafin shuka.

Yaya bai jira ta rufe baki ba ya ɗauki na biyun. Ta ce masa zai kashe kirikirin gaba ɗaya. Ya ce a kan aya-ayar kawai zai fesa, hannunsa ya fi na likitan tiyata saiti. Da ta ga ba zai juyu ba, sai ta juya gorar ta nuna masa rubutun da ke jiki, tana bi da yatsa. Ta nuna masa ma'aunin da za a zuba a injin feshi. Ta ce ya sa safar hannu da takunkumi da takalmin roba da riga mai dogon hannu, ya yi feshin da sassafe lokacin da babu iska, kada kowa ya taka wurin sai ya bushe, ya wanke jikinsa da sabulu da zarar ya gama. Yaya yana ta kaɗa makullin mota yana kallon agogo.

"Yallaɓai, ko duk ka manta, riƙe wannan guda ɗaya," in ji ta. "Abin da ya rage ka bar shi a gorarsa, da rubutunsa a jiki, ka kulle a inda hannu ba ya kaiwa. Kada ka juye shi a wata gora."

"Malama, tun kina goye nake aiki da ruwan batir," ya ce. "Sa mini a leda."

Na ga fuskarta ta canja, ta sa masa a ledar. A mota na ce masa matar nan gaskiya ta faɗa. Ya ce ni da ban san komai ba sai taka keken ɗinki, in bar maganar magani ga manya. Na yi shiru. Har yau ina jin haushin shirun nan.

Abin da ya faru washegari matarsa ce ta ba ni labari. Da safe ya tsaya kallon labarai, sai bayan azahar ya tuna da feshin, lokacin da iska ke kaɗa labulen falo. Ta ce ya bari sai gobe da sassafe, ya ce gobe tana da nata aikin. Ya fito daga shi sai singileti da silifas. Murfin gorar ya ƙi buɗuwa, maimakon ya yanke hatimin a hankali sai ya sa sukundireba ya ɓalle shi, murfin ya tsage biyu. Bai auna komai ba. Ya tuttula a injin feshi da ido, sannan ya ƙara, wai don ya yi aiki da wuri. Ya bi filin yana fesawa, iska na kwasar maganin tana watsawa kan kirikirin da kan tattasan matarsa da kan ƙafafunsa. Ita ta janye Inna ta kai ta ɗaki, ta rufe tagogi, tana faɗa shi kuma yana fito.

Da ya gama, kusan rabin maganin ya rage, ga murfi ya tsage. Ya shiga kicin ya ɗauko gorar ruwa ta roba, irin dai wadda kowa ke sha a gidan, ya juye sauran a ciki ya ɗaure. Gorar maganin ya jefa ta a kwandon shara, washegari da safe motar shara ta kwashe. Ita kuma gorar ruwan ya ɗora ta a dakalin tagar baranda, da niyyar idan ya wanke hannu zai kai ta sito. Waya ta yi ƙara, ya shige ciki. Bai faɗa wa kowa ba, kuma bai sake tunawa ba.

Kwana biyu gorar tana wurin, a bayan tukunyar fure. Ranar Juma'a matarsa ta matsar da tukunyar don ta share dakalin, ta ɗauka ruwan Inna ne, ta jera ta kusa da ƙwayoyin. Bayan cin abincin rana Inna ta jefa ƙwayarta a baki, ta lalubo gora, ta kafa kai. Tana fama da mura a lokacin, hancinta a toshe. Sai da ta haɗiye kurɓi biyu sannan ta ji ɗacin.

Matar Yaya ta ji kakarin amai ta fito da gudu. Ta tarar da Inna ta riƙe maƙogwaro tana cewa wuta, wuta. Ta kira mijinta. Ya fito, ya dubi Inna, ya dubi gorar da ke yashe a ƙasa, ya gane nan take.

Wannan shi ne wurin da har gobe ya fi ci mini rai. Mantuwa kowa yana yi. Amma Yaya ya sunkuya ya ɗauki gorar, ya zagaya bayan gida ya cusa ta ƙarƙashin tsohuwar taya, ya dawo ya ce gyambon cikin Inna ne ya tashi. Ya sa aka ba ta madara. Ta sha ta amayar. Ya sa aka ƙara mata. Matarsa ta ce su tafi asibiti, ya ce a ɗan dakata a gani, yanzu zai lafa. Daga baya ya ce wai tsoro ne ya kama shi, yana ta addu'a a ransa abin ya tsaya iya nan kada kowa ya sani. Mutumin da bai taɓa iya jiran minti biyar ba, ranar nan ya jira awa biyu da rabi.

Da matarsa ta ga Inna ta fara lumshe ido, yawu na zuba, sai ta shiga banɗaki ta kira ni a waya. Na bar rigar mutane a ƙarƙashin allura na tare mota. Ina shiga na durƙusa na rungumi Inna, sai wani wari ya buge ni daga gaban rigarta. Ba warin amai ba ne. Irin warin da ya cika shagon kayan noman nan ne. Na ɗago na dubi Yaya, ya kawar da kai.

"Yaya, ina sauran maganin ciyawar?"

Ya ce yana sito.

"Je ka ɗauko mini shi in gani."

Bai motsa ba. Na sake faɗa, wannan karon ban san muryata ta kai ƙofar gida ba. Tun da nake ban taɓa ɗaga masa murya ba, shekara goma sha ɗaya ya ba ni, shi ya biya mini kuɗin koyon ɗinki. Amma ranar na kama wuyan rigarsa. Sai ya zagaya baya ya dawo da gorar a hannu, kansa a ƙasa. Matarsa ta dube ta, ta gane ita ce ta jera ta da hannunta, ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

A asibiti likitan da ya karɓe mu bai ɓata lokaci ba. Ya tambayi me ta sha, da yawansa, da ƙarfe nawa. Da ya ji awa nawa suka wuce, ya ajiye biro ya dubi Yaya, ya tambaye shi ko daga wani gari suka taso. Ya ce madarar da aka yi ta ɗura mata ba ta yi komai ba sai ƙara amai, kuma duk aman da ta yi maganin ya sake bin maƙogwaronta ya ƙona. Sannan ya ce a ba shi gorar. Yaya ya miƙa masa gorar ruwan.

"Wannan me zan karanta a jikinta?" in ji likitan. "Magungunan ciyawa iri-iri ne, kowanne da yadda ake tarar sa. Sunan maganin nake so."

Yaya bai san sunan ba. Abin da ya iya tunawa shi ne gorar fara ce mai jan murfi. Shi da ya biya, ya buɗe, ya fesa, ko sau ɗaya bai karanta abin da ke jiki ba.

Ni na koma shagon kayan noman. Ina shiga matar ta gane ni. Ban gama bayani ba ta sauko da irin gorar daga kantar shagon, ta ja ƙofar shagon ta kulle, ta ce mu tafi tare. A hanya sai huci take. Ta miƙa wa likita gorar, ta nuna masa wurin da aka rubuta abin da za a yi idan wani ya sha, ga shi nan ɓaro-ɓaro cewa a garzaya asibiti da gorar, kada a sa mutum amai. Da ta fito ta tarar da Yaya zaune a benci. Ta tsaya a kansa.

"Yallaɓai, abu guda na roƙe ka," ta ce.

Bai ɗago ba. Ta juya ta tafi.

Kwana goma sha tara Inna ta yi a asibiti, shida daga ciki ba ta san wanda ke kanta ba. Mun yi ta zarya ni da matar Yaya, ɗaya ta tafi ɗaya ta zo. Matar nan ta rame ta fita hayyacinta, kullum cewa take ita ce ta ajiye gorar kusa da maganin. Na gaji da ce mata ba laifinta ba ne. Rannan a gaban ɗakin jinya na ce wa Yaya ya buɗe baki ya faɗa mata da kansa cewa laifinsa ne, tunda ya bar ta tana ɗaukar kayan da ba nata ba. Ya faɗa, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ta ce masa shekara talatin tana binsa tana kwashe abin da ya zubar, ba ta taɓa tsammanin har da wannan ba. Wata biyu ba ta zauna cin abinci tare da shi ba.

Shi ma bai tsira ba. Fatar hannuwansa da ƙafafunsa ta yi ja, ta yi ƙuraje, ta saɓule, sai da aka naɗe masa su da bandeji. Filin kuwa, kafin mako ya zagayo ya zama ruwan ɗorawa, daga nan ya bushe ƙaƙas kamar an bi shi da wuta. Tattasai da tumatirin matarsa duk suka kwanta. Da aka sake yin ruwa, abin da ya fara tsirowa a wurin aya-aya ce. Abokan aikinsa da zai jera wa kujeru a kan ciyawa, a harabar asibiti suka same shi. Ɗaya daga cikinsu, tsohon direba ne mai barkwanci, ya buɗe baki zai kira shi da sunan nan na gareji, ya dubi fuskarsa ya fasa.

Inna ta rayu, mun gode wa Allah, amma ba Innar da muka sani ba ce ta dawo. Maƙogwaronta ya yi tabo ya tsuke, ba ta iya haɗiye komai sai mai ruwa-ruwa, da cokali, a hankali. Ƙodarta ta raunana, duk wata sai an kai ta gwaji. Muryar nan da ke tsayar da jikoki daga ƙarshen layi ta koma raɗa, sai ka kai kunne bakinta. Ranar da aka sallame ta, Yaya ya kawo mota ƙofar asibiti ya buɗe mata gidan gaba. Na ce gidana za ta. Ya ce shi ne babba, haƙƙinsa ne. Na ce masa girman nasa na gan shi a ƙarƙashin taya. Ya sa kayanta a but ya kai mu.

Inna ta ce ta yafe masa tun tana gadon asibiti, kuma ta yi mini faɗa a kan in daina ɗaure masa fuska, ta ce ɗan'uwana ne ko na ƙi ko na so. Ina ƙoƙari. Kullum da hantsi yana zuwa. Ya cire takalmi a ƙofa, ya gaishe ni kamar baƙo, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta. Shi ke karanta mata takardar maganinta yanzu, layi-layi, har da ƙananan rubutun, sai ya maimaita sau biyu kafin ya ɓallo ƙwaya.

Makon jiya ina cikin ɗinki a falo, lokacin shan maganinta ya yi. Ya tashi ya ɗauraye kofi, ya zuba ruwa daga tulun da ke gabanmu, ya sa mata ƙwayar a tafin hannu, ya miƙa mata kofin. Ta karɓa. Ta kai shi hanci ta shinshina, ta daɗe riƙe da shi. Sannan ta juyo da fuskarta wajen da take jin ƙarar kekena, ta miƙo kofin.

"Auta," ta ce cikin raɗa, "kurɓa mini tukuna."

Ba da nufin cin fuska ta yi ba, ba ta ma san yana kallonta ba. Na tashi na karɓa na kurɓa, na mayar mata, ta sha. Yaya ya zauna, hawaye na bin gemunsa.

Mai karatu, darasin a fili yake. Maganin ciyawa guba ne, ko da a ɗan filin ƙofar gida za a fesa shi. Ka sayi wanda ya dace da ciyawarka, ka karanta abin da aka rubuta a jikinsa, ka auna yadda aka ce, ka rufe jikinka, ka guji iska, ka hana mutane taka wurin sai ya bushe. Abin da ya rage ka bar shi a gorarsa ka kulle, kada ka taɓa juye shi a abin da ake sha ko ake ci. Idan tsautsayi ya faɗa, ka ɗauki mutum da gorar ku tafi asibiti nan take, ka faɗi gaskiya komai ɗacinta. Wanda ya san aikinsa idan ya yi maka bayani ka tsaya ka ji, ko da ka haife shi. Gaggawa da girman kai ba a kan mai su kaɗai suke ƙarewa ba, sau da yawa wanda ya fi yarda da kai a gidan shi ne yake shan wahalarsu.